Hoto yana da masu shi biyu

A ƙarshen shekarar 2021, lokacin da aka fara rubuta kalmar "ikhla", wato a tashi za a rushe, da jan fenti a bangayen tsofaffin unguwannin Jidda, ɗan ƙanwata ya ari kyamarar wani abokinsa, ya shiga yawo lungu-lungu tun daga idar da sallar asuba har rana ta ɗaga. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya ba shi ko halala ɗaya. Ya ɗauki ƙofofin ƙarfe masu koren fenti da tsatsa ta fara ci, da tankunan ruwa a kan rufi, da wayoyin lantarki da suka sarƙe da juna a saman lungu, da bencin da dattawa ke zama bayan la'asar suna sauraron labaran gida a rediyo, da teburin mai tsire, wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga hannunmu suke kira siriya. Cikin 'yan watanni mafi yawan gidajen Karantina da Gulail da Sabil da Kandara da wasu unguwanni da dama suka koma fili. Ba zan shiga batun rusau ɗin ba, domin hukuma ta faɗi dalilanta, kuma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da na sani shi ne, yau idan jikana ya tambaye ni inda aka yanke mini cibiya, ba ni da abin da zan nuna masa sai wanda ke cikin kwamfutar yaron nan.

Saboda haka ina so tun farko a san ɓangaren da nake. Ina tare da samari da 'yan matanmu na Jidda da Makka da Madina waɗanda suka rungumi ɗaukar hoto da zane, suke nuna wa juna ayyukansu, wannan ya gyara wa wancan haske, wancan ya ce wa wannan launinsa ya yi yawa, sannan su fitar da abin da suka yi duniya ta gani. Mu jikokin mutanen da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram a ƙasa ne, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, wasu suka yi shekaru suna ƙodago a gonakin Sudan kafin su tara kuɗin tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, amma da wuya ka sami gidan da ke da hoton ko zango ɗaya na wannan doguwar tafiya. Hoton mahaifina ɗaya tilo da na gada shi ne na jikin takardar zamansa, fuska a murtuke, hatimi ya cinye rabin kafaɗarsa. Wanda ya san ɗacin wannan rashi ba zai raina yaron da ke yawo da kyamara a wuya ba. Sai dai akwai abin da na ga ana sakaci da shi, daga masu ɗauka har masu kallo da turawa, wato kowane hoton mutum yana da masu shi biyu, wanda ya ɗauka da wanda aka ɗauka, kuma a yadda muke tafiya yanzu dukansu ake zalunta, sau da yawa ma a hoto guda.

Akwai wata dattijuwa da dukan unguwarmu ke kira Inna, wadda tun ina saurayi take shimfiɗa tabarma a kusa da ƙofar masallaci tana sayar da gyaɗa da kuka da daddawa da goro. Da wannan tabarma ta aurar da 'ya'ya, da ita kuma take aika wa 'yan uwanta na gida abin sallah. Wata safiya yaron nan ya hango ta daga tsallaken titi, hasken hantsi ya sauka a gefen fuskarta, ta buɗe tafin hannunta mai lalle tana ƙirga canji, sai ya danna ba tare da ta sani ba. Hoton ya yi kyau ƙwarai, wannan ba na musunsa. Ya rubuta sunansa ƙanana a kusurwar ƙasa, ya sa shi a shafinsa na Instagram tare da 'yan kalmomi na girmamawa, abokan sana'arsa suka yi ta yabo. Bayan kamar mako biyu hoton ya dawo mana daga Kano ta WhatsApp, an yanke kusurwar da sunan yake, an yanke kayan sayarwar da ke gabanta, ya rage tsohuwa a zaune a ƙasa da buɗaɗɗen hannu, an kuma rubuta a kai cewa ga yadda matanmu ke zubar mana da mutunci da bara a ƙasa mai tsarki. Dangin mijin da jikarta za ta aura sun gani. Ɗanta da ke can ya kira ta yana kuka.

Yaron ya zo mini ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, ka ga sun sace mini hoto, sun cire sunana." Na ce masa gaskiyarsa ce, an yi masa sata, amma ya zo mu je wurin Inna tukuna. Da muka durƙusa muka gaishe ta, ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube shi ta ce, "Ɗan nan, me na tsare maka? Ni da ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba a garin nan." A hanyarmu ta komawa bai ce uffan ba. Ya je neman wanda zai taya shi kukan abin da aka ɗauke masa, ya tarar shi ma ya ɗauki abin wani bai tambaya ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Zan fara da haƙƙin mai ɗauka, domin shi ne mutanenmu suka fi ɗauka abin wasa, kuma a ƙasar nan cin wannan haƙƙi tsoho ne kusan kamar kyamarar kanta. Muhammad Sadiƙ Bey, injiniyan sojan Masar, ya ɗauki hotunan Madina a 1861, ya ɗauki na Makka a 1880, kuma sunansa ya bi aikinsa. Amma akwai wani likita mazaunin Makka, Sayyid Abdulgaffar, wanda labarinsa ya bambanta. A 1885 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Snouck Hurgronje ya shiga Makka, shi ma yana amsa sunan Abdulgaffar, ya yi aiki da likitan, sannan aka tilasta masa barin garin kafin aikin hajji. Likitan ne ya ci gaba da ɗaukar hotunan Harami da Mina da Arfa yana aika masa can Turai. Da aka wallafa kundin hotunan a 1889, sunan baƙon ne a bango, sa hannun likitan kuwa an kankare shi daga jikin hotunan, kuma sai da aka yi shekaru masu yawa kafin masu bincike su mayar masa da aikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk lokacin da na ga wani ya sa yatsa biyu a fuskar waya ya yanke kusurwar hoto don kada sunan wani yaro ya ɓata masa kyan abin da zai tura, wannan kankarewar nake tunawa, bambancin kawai shi ne yanzu ɗan uwa ne ke yi wa ɗan uwansa.

Uzurin da ake kawowa na san su. Wani ya ce ai hoto ne kawai, danna waya ne, kowa ma zai iya. Wani ya ce ai tallata shi nake yi, ya kamata ma ya gode. Wanda ya ce danna waya ne bai taɓa tsayawa sa'a biyu a zafin Jidda, riga ta manne da baya, yana jiran inuwa ta matsa daga kan wata ƙofa ba, bai kuma san cewa gilashin kyamara ɗaya kan cinye albashin wata na yaron da ke aiki a shago ba. Wanda ya ce tallatawa yake yi kuwa, sai a tambaye shi yadda ake tallata mutumin da aka goge sunansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu al'umma ce da ta san darajar jingina magana ga mai ita fiye da yawancin al'ummu. Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya ji maganar Abdullahi bin Mubarak cewa isnadi, wato jero sunayen waɗanda aka karɓo magana daga gare su, yana cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Magabatanmu masu kwafar littafi da hannu sukan rubuta sunansu a ƙarshe su roƙi addu'ar mai karatu, marubutan waƙoƙinmu sukan saka sunansu a baitocin rufewa, mahauci ma yana da yankan da ake gane shi da shi. Ban ga dalilin da zai sa wannan ladabi ya tsaya a bakin ƙofar hoto da zane ba. Kuma maganar Ibn Mubarak ta tabbata a kan Inna ƙarara: da zarar an raba hoton da sunan wanda ya ɗauka, ba sauran wanda za a koma wa a tambaya, sai kowa ya rubuta a kansa abin da ya ga dama.

Masu zane ma ba su tsira ba. Na san wata yarinya a Makka da ba ta zana fuskar mutum sam, ƙofofi da tagogi kawai take zanawa, tana haɗa ƙirar rawashin, wato tagogin katako masu sassaƙa na tsohuwar Jidda, da dagi da irin zayyanar da ake yi wa allon mai saukar karatu. Wata rana ta ga zanenta a jikin jakunkunan tsaraba a wani shago, an buga ɗaruruwa, ba sunanta, ba wanda ya nemi izninta. Da ta yi magana aka ce mata a intanet aka samo, kamar intanet wani daji ne da zane ke tsirowa a cikinsa. Asarar ba ta tsaya a kuɗin jakunkunan ba. Ƙasar nan da har zuwa 2004 aka hana sayar da waya mai kyamara a cikinta, yau tana da ma'aikatar al'adu da gidajen baje kolin zane, kuma a 2023 an yi babban bikin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, wurin da alhazanmu da yawa suka fara taka ƙasar. Masu shirya irin waɗannan taruka suna neman sababbin hannaye, kuma ba yadda za su kai ga yarinyar da aikinta ke yawo ba suna.

Haƙƙin wanda aka ɗauka kuwa ya fi nauyi, domin mai kyamara aikinsa ake taɓawa, shi kuma wanda ke cikin hoton rayuwarsa ake taɓawa. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane ta hanyar amfani da kyamarar waya ba bisa ƙa'ida ba, kuma ya kamata duk yaron da ke wannan sana'a ya san da ita. Amma ba tsoron tara nake so ya hana su ba, domin mutanen da suka fi cutuwa su ne waɗanda ba za su taɓa zuwa su kai ƙara ba. Kowa a cikinmu ya san gidan da ke da wanda iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta ƙare yana fafutukar sabuntawa, ko wanda yake aikin da ba shi ne a rubuce a takardarsa ba, ko matar da danginta na gida suke zaton tana zaune a ɗaki ne alhali tana wanke-wanke a gidan wasu don ta biya wa ƙannenta makaranta. Hoto ɗaya mai fuska a fili, da allon shago a baya, da sunan titi a gefe, ya isa ya kai mutum tarhil, wato a kama shi a mayar da shi ƙasarsa, ko ya kashe aure, ko ya tona asirin da aka yi shekara ashirin ana rufewa. Mai ɗauka ya samu yabo na kwana biyu ya wuce, wanda aka ɗauka ya zauna da abin da ya biyo baya.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yaran namu su da kansu, kuma na faɗa musu a gabansu. Sun gano cewa talauci yana da kyau a hoto, musamman idan aka cire launi aka bar baƙi da fari. Tsoho mai tura keken marasa ƙarfi, yaro mara takalmi a bakin kwata, hannu mai kanta riƙe da carbi, waɗannan su ne ke jawo yabo daga baƙi, don haka su ake ta ɗauka, har mai kallo daga nesa ya ɗauka ba mu da wani hali sai wannan. Alhali a cikinmu akwai limamai da malaman makaranta da likitoci da 'yan kasuwa da teloli da iyalan da suka zama 'yan ƙasa tun kaka da kakanni, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2018 'yan wasa uku ne a tawagar Saudiyya suke amsa sunan Hausawi, ciki har da kyaftin ɗinsu Usama. Ba ina cewa a ɓoye wahala ba ne, domin tana nan kuma tarihinmu ce. Abin da nake cewa shi ne, matalauci shi ne ya fi sauƙin ɗauka saboda ba shi da katangar da zai ɓuya a bayanta, kuma ba shi da bakin da zai hana, kuma duk wanda ya lura cewa kyamararsa ba ta taɓa shiga falon mai hali ba tare da sallama ba, amma kullum tana kan wanda ke zaune a titi, ya kamata ya tambayi kansa ko fasaha ce ke jan sa ko arha.

'Yan uwanmu alhazai da masu umara ma suna da nasu kason, kuma ina faɗin wannan da girmamawa domin baƙin Allah ne. Mutum ya sauko daga masauki ya biyo titin Shara Mansur na Makka neman tuwo, ya ci ya ƙoshi, sannan ya ɗaga waya ya ɗauki matar da ta tuƙa masa, ya tura gida da rubutun "ga 'yan Takari". Da a Fagge ne ko Tudun Wada wani baƙo ya yi wa mahaifiyarsa haka, da sai an raba su.

To, wasu dattawanmu sun yanke hukuncin cewa maganin duk wannan shi ne a ajiye kyamarar baki ɗaya. Wasu suna faɗin haka saboda tsoron abin da na ambata, wasu kuma saboda addini, suna kafa hujja da hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura. Ni ba malami ba ne, kuma na san manyan malaman ƙasar nan sun saɓa a kan hoton kyamara: Shaihu Ibn Baz ya tafi a kan hana shi sai don lalura irin ta takardun shaida, Shaihu Ibn Usaimin kuma ya bambanta shi da zanen hannu, ya ce hukuncinsa yana bin manufar da aka yi shi dominta. Wanda ya zaɓi ya nisanci hoto don tsare addininsa ina ganin girmansa, kuma kasancewar irinsa a cikinmu wani dalili ne babba na a riƙa tambaya kafin a danna, domin ɗaukarsa a ɓoye cuta biyu ce. Amma ban yarda a ce kowa ya ajiye ba. In namu sun ajiye, na wasu ba za su ajiye ba, kuma za a ci gaba da ɗaukarmu ana rubuta abin da aka ga dama, sai dai a rasa hoton da ɗan gida ya ɗauka wanda za a ajiye a gefensa a ce ga yadda abin yake. Ranar da hoton Inna ya dawo a yanke, abin da ya wanke ta a wurin surukan jikarta shi ne asalin hoton da ke hannun yaron, mai gyaɗa da daddawa da ma'auni a gabanta.

Yaran sukan ce mini tambaya tana kashe hoto, domin da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa sai ya gyara zama ya daskare, abin da ido ya hango ya gudu. Wannan gaskiya ne, kuma akwai hotunan da za a rasa har abada saboda an tsaya neman izni. Na yarda a rasa su. Amma ba kullum ne ake rasawa ba, domin ana iya ɗauka sannan a tsallaka titi a yi sallama, a nuna wa mutum, a gaya masa inda za a sa da waɗanda za su gani, in ya ce a goge a goge a gabansa. Ana iya ɗaukar hannu ba fuska, ko baya, ko inuwa, ko kayan sana'a. Kuma wanda ya yi wata guda yana zuwa yana gaisuwa yana sayen gyaɗa, ranar da ya fito da kyamara ba wanda zai daskare, domin an riga an saba da shi. Wannan hanya tana cin lokaci, shi ya sa baƙo ba ya iya bin ta, kuma ita ce kaɗai fifikon da ɗan unguwa yake da shi a kan mai kyamarar da ta fi tasa tsada.

Bayan rusau Inna ta koma wurin 'yarta a wata unguwa da ke gabashin gari, ta daina fita da tabarma. Watanni bayan abin da ya faru, ita da kanta ta aika a kira yaron, ta ce tunda ya iya, ya zo ya ɗauke ta yadda take so jikokinta su gan ta. Ta sa atamfar da ta ajiye tun bikin 'yarta ta fari, ta yafa farin mayafi, ta zauna a kan kujera, ta sa aka ɗauko tsohon ma'aunin gyaɗarta aka ajiye a gefen ƙafarta. Ta gindaya masa sharaɗi biyu: kada ya sa a waya, kuma ya wanko guda huɗu, ɗaya nata, uku na aikawa gida. Da ya kawo, ta juya bayan nata ta ga ba komai, ta miƙa masa ta ce ya rubuta sunanta da na mahaifinta da garin da aka haife ta, sannan ya rubuta nasa a ƙasa, da shekara.